Yatsan Malam Bawa

Gwandu, ranar Litinin.

Yaya Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya shirin biki? A gaida mana amaryarmu Nafisa.

Na rubuto ta hannun Lukuman direba, domin in na ɗaga waya a gidan nan kunnen Baba ya riga naka ji. Allurar ɗinki ta soki Baba a ɗan yatsansa manuni na dama, wurin ya kumbura, ya yi ja, yana masa zogi. Abokansa na zaure sun ce karkare ne, kuma wai karkare ba ya son allurar likita. Sun huda lemun tsami sun cusa yatsan a ciki. Duk da haka bai ajiye aiki ba, wata babbar riga yake yi wa aikin hannu kamar ana korarsa. Na ce mu je Kalgo ka duba shi, ya harare ni ya ce, "Ke, mi ya kai ni? In tahi in miƙa ma ɗan fari hannu shina latsawa?"

Ka san kunyar da ke tsakaninku. Ko sunanka bai taɓa kamawa ba, kullum kai ne "wancan na Kalgo". Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ƙanwarka,
Habiba

Kalgo, ranar Laraba.

Habiba,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, Allah Ya ba Baba lafiya.

Bari in yi miki bayani, ko ki samu abin faɗa wa malaman zaure. Irin wannan ciwo kullum ina ganin mai haddasa shi a ɗakin gwajin asibitinmu. Wasu ƙwayoyin cuta ne ƙanana, kewayayyu, ido ba ya ganinsu. In muka zuba musu rini muka duba a madubin gwaji, sai su fito launin shuni, a cure kamar 'ya'yan inabi. Suna nan a fatar kowa da cikin hanci, ba sa komai. Amma da zarar fata ta huje sun samu ƙofa. Su shiga, su hayayyafa, jiki ya taso yaƙi, mugunya ta taru. Kan yatsa kuma wuri ne matsattse, mugunyar ba ta da hanyar fita, sai ta danne jijiyoyin jini. Lemun tsami ba ya kai wa can.

Ga magani nan na saka a ambulan, ki tabbata yana sha. Amma magani kaɗai ba zai isa ba, sai an tsaga wurin an fitar da mugunyar. Ki lallashe shi ya je asibitin nan kusa da ku. Ni in na zo, ke ma kin sani, tashi zai yi ya bar mini zauren, ni kuma in tsaya ina kallon ƙasa. Ke ce 'yar lelensa, bakinki ya fi nawa tasiri.

Yayanki,
Sirajuddeen

Gwandu, ranar Lahadi.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Na gode da darasin 'ya'yan inabi. Ɗa na nema, ka aiko mini malami. Maganin ya sha na kwanaki kaɗan, da zogin ya lafa ya ajiye, ya ce ya warke. Ban yi murna ba, domin kan yatsan ya fara baƙi, ga wari, ga wani jan layi ya bi hannun ya nufi hamata. Tun jiya zazzaɓi ke kaɗa shi.

Ya hana ni faɗa, amma zan faɗa. Rigar nan taka ce. Ta ɗaurin aurenka. Shi ya je kasuwa da kansa ya zaɓo farar shadda, ya zana aska takwas a ƙirjin. Na roƙe shi da kuka a tsaga yatsan, ya ce, "In anka tsaga anka naɗe, da mi zan riƙa allura? Bikin ya matso. Ban taɓa ba yaron ga komi da hannuna ba, ki bar ni in gama."

Shi yana jin kunyarka, kai kana jin tasa, ni kun bar ni a tsakiya da hannu yana ruɓewa. Wallahi in ba ka shigo motar Lukuman gobe ba, kada ka sake kirana ƙanwarka.

Habiba

Gwandu, bayan sallah.

Yaya Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Da fatan ka koma Kalgo lafiya. Ka yafe mini kalaman da na rubuta, tsoro ne ya sa.

Baba yana samun sauƙi, yana cin tuwo da cokali, abin da a da yake yi wa 'yan boko dariya a kai. Wurin da aka yanke yatsan yana kamewa. Har yanzu maganar likitan nan na Birnin Kebbi tana ci mini rai, da ya ce cutar ta riga ta cinye ƙashi, da an zo a makon farko tsagawa kawai za a yi. Na ga yadda ka juya ka fuskanci bango da ya faɗa. Ban san ko ka ji ba, amma lokacin da ake tura Baba ɗakin tiyata, cikin zafin zazzaɓi, sunanka ya kira. Cikakke.

Jiya na same shi ya ɗora rigar a cinya yana gwada riƙe allura da yatsan tsakiya. Ta faɗi, ya lalubo, ta sake faɗuwa. Sai ya ninke rigar. Askar gefe ɗaya ta kammala, sauran zanen fensir ne kawai, ga ɗan tabo a bakin aljihu inda yatsan ya ɗiga. Malam Isa abokinsa ya ce a kawo ya ƙarasa ta kafin biki, ya kuma fitar da tabon. Baba ya ce, "A tambayi mai riga."

To, mai riga, na tambaye ka.

Ƙanwarka,
Habiba

Kalgo, ranar Laraba.

Habiba,

Wa alaikumus salam. Na ji lokacin da ya kira. Har yanzu ina ji.

Ki yi wa Malam Isa godiya, amma kada kowa ya sa wa rigar nan zare, kada kuma a taɓa tabon. Haka zan sa ta ranar ɗaurin aure.

Ki faɗa wa Baba cewa... A'a, bari. Jibi Juma'a ina tafe. Ki dai tsaya a bakin zaure, kada ya fita.

Yayanki,
Sirajuddeen