Gawayin Kifin Masta

Lamisi,

Na fita bayan asuba. Kina ta minshari, ban tashe ki ba.

Gawayin da kika juye a kurfoti jiya, kina fifita kina zagin mai sayarwa wai ya ƙi kamawa, ba na girki ba ne. Na kifin Masta ne, daga Ingila aka aiko, ni na karɓo. Ƙulle shi ake yi a ƙyalle, a sa a akwatin gilashin nan na ruwan teku ya tsotse datti. Kwana uku ke nan ruwan ya koma kamar fitsarin akuya, kifin sun daina ci, Masta kuwa ran Juma'a zai dawo.

Na tsince abin da ya rage cikin toka, na wanke sau bakwai a rariyarki. Rariyar ta yi baƙi ƙirin. Ba zan ba da haƙuri ba, ke kika fara.

Saura jan garin da ke gwangwanin madara kan kabad, mai hana gansakuka. Masta ya ce ba a sa biyun rana ɗaya, sai gobe zan kai. Ba barkono ba ne, kar ya shiga yajinki na shito. Na san ki, komai ja sai kin zuba a tukunya. Ko daɗi ba shi da shi, na lasa.

In kifin nan suka mutu, aikina ya mutu. Kuma kar ki sa rai da miya, su shida ne, duka ba su cika ludayi ba.

Garuba