Shirun Wayar Kawunki

Zuwa ga ɗiyata Rukayya, a Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na rubuto miki a fili, inda mutanen Zauro za su gani, domin maganar ba tawa da ke kaɗai ba ce.

Na riƙe bayanin da kika yi mini na aikinki, kada ki ɗauka ban gane ba. Kin ce an kakkafa ma'aunin ruwa a bakin gulbi tun daga Augie, kowanne yana turo labari ba tsayawa. Labarin yana kwarara cikin kwamfutoci uku na haya da kike kira kilasta, an aje su wuri daban-daban don in ɗaya ta mutu biyu su ci gaba. Kamfanin da ya ba ku haya ke kula da lafiyarsu. Amma katangar da ta kewaye su cikin intanet, da ƙofofin shiga, ke kika tsara da hannunki. In ruwa ya wuce iyaka, saƙo ya faɗo wayar manoma.

Ranar Talata kika faɗa mini, kina dariya, cewa garin toshe ƙofofi saboda ɓarayin intanet kin haɗa da wadda ma'aunan ke bi. Daga hantsi har la'asar babu labarin da ya shigo, kuma ba wanda ya sani sai da kika duba don kanki.

Rukayya, ni ban yi dariya ba. A ranar da abin ya faru Kawunki Garba yana tsakiyar fadamar Zauro da mutum shida, ga damina ta yi nisa, ga kwalekwale guda.

Kin san sandar da yake kafawa bakin ruwa, yana yi mata tsaga da wuƙa, yana dubawa safe da yamma tun kafin a haife ki? Bana bai kafa ba. Da na yi masa faɗa sai ya ce, “Mi za ni yi bakin gulbi, ɗiyarmu ta aje muna mai gadi cikin waya?” Maƙwabtansa ma sun bi shi. Yanzu in waya ta yi shiru, su a wurinsu lafiya ce.

Kina 'yar shekara tara na aike ki duba tukunya. Kika tsaya bakin madafa, kika dawo kika ce ba ki ji tana tafasa ba, ba za ta zube ba. Ashe wutar ce ta mutu. Na dake ki ranar, har yau ina jin ciwon abin, amma halin nan na kasa kunne daga nesa shi nake tsoro.

Ba ki ga shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa ba, kina makaranta. Ni na ga mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya fito ruwa iya ƙirji, ɗauke da wanda bai iya iyo ba.

Ilimi amana ne. Ki gyara abin nan ya zama in ya makance ya faɗa da bakinsa cewa ba ya gani. Ko da lafiya, ya riƙa aiko kalma ɗaya kowace safiya, don ranar da ba ta zo ba mutane su fita su duba da idonsu.

Kafin ki yi haka, jiya na je Zauro na faɗa a gaban mata da maza kada kowa ya dogara da aikin ɗiyata. Na faɗa, alhali ba ni da abin alfahari sama da ke. Ki yi fushi da ni in kina so, 'yar Inna, amma ki kira ni ki ce kin gyara.

Allah ya tsare hannunki daga kuskuren da zai taɓa rai, ya mayar da duk wanda ya shiga fadama gidansa lafiya, ya yi miki albarka.

Innarki,
daga Birnin Kebbi.