Baki Goma Sha Ɗaya, Layi Ɗaya

Litinin, 7 ga Maris, 1983
Cutar bushiya ta shiga shanun Gidan Katta. Ni malamin dabbobi ne da baki kawai, ko kwalbar riga-kafi ɗaya ba ni da ita. Inna Tasalla mai nono, wadda ta goya ni, shanunta tara ke nan duniya. Biyu sun fara zubar da yawu.

Talata, 8 ga Maris
Oba-oba ɗin nan, rediyon da muke kiran babban ofis da shi, zai kashe ni. Tasha goma sha ɗaya, layi ɗaya, kuma awa guda babban ofis ke saurare da safe. In mutum biyu suka danna maɓallin magana tare, maganar duka ta zama ƙara, babu wanda aka ji. Hamidu na tashar gabas ya fi kowa naci. Allah ya isa.

Alhamis, 10 ga Maris
Dokar da aka koya mana: in an yi karo, kowa ya saki, ya karanta Ƙulhuwallahu uku, sannan ya sake. To ai malami ɗaya ya biya mana! Tare muke idarwa, tare muke dannawa. Na daina karantawa. Yanzu danne nake tun farkon awa, ina ta nanata sunan tasharmu, Illela, Illela, har murya ta dushe. Wanda ya gaji ya bari.

Asabar, 12 ga Maris
Huɗu cikin shanun Inna sun mutu. Inna ta tako har ofis. "Ɗan nan, mi sunka ce?" Na ce ba su ce ba. Tsoro nake ji, wallahi.

Litinin, 14 ga Maris
Murya ta tafi gaba ɗaya, sai na zauna ina saurare kawai. Layi tas. Hamidu ya faɗi nasa a taƙaice, aka amsa masa. Sai na ji babban ofis: riga-kafin Illela na ajiye tun Alhamis, kullum suna faɗi, a turo mai ɗauka.
Mai danne maɓalli ba ya ji. Na san wannan tun ranar da na kama aiki.

Alhamis, 17 ga Maris
An yi allura. Uku suka rage mata. Ta sa mini albarka, ta tsine wa mutanen birni.
Yau Hamidu ya ja magana ƙwarai. Na bar shi ya gama. Maƙogwaro ne bai warke ba tukuna.