Sitiyarin da Ka Sauke wa Auta

Zuwa ga mahaifina, marigayi Alhaji Mamman Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai gida lafiya. Inna na nan da ƙarfinta, masarar bana ta yi kyau, kuma a-kori-kurarka da ta faɗo a rabona ranar rabon gado har yanzu tana tashi, ko da yake sai an lallaɓa ta.

Saboda ita na zauna rubutun nan, Baba. Ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara.

Makon jiya na ɗauko masara daga Tsiga zan kai Funtua, sai sitiyarin ya fara rawa a hannuna kamar haƙorin da ya kusa fita. In na faɗa rami ya yi sama, in na fito ya dawo ya daki cinyata. Da ma tun da na karɓi motar nan a takure nake tuƙa ta, sitiyari can ƙasa yana gogar gwiwata. Ɗan hannun nan na gefe da ake ja a ɗaga shi ko a sauke bai taɓa motsi ba. Na ɗauka tsatsa ce ta cinye shi.

Da addu'a na kai ta garejin Malam Iro, bakanikenka na tun fil azal. Ya cire hon, ya zare sitiyarin, ya kwance murfin wuyan. Notocin ciki duk sun saki, ya ce wannan ba wani abu ba ne, a wanke a ɗaure a sa giris. Sai ya nuna mini haƙoran ƙarfen da ke riƙe wuyan a inda aka ajiye shi. An like su da walda a matakin ƙarshe na ƙasa, waldar ce ta tsage.

Ya yi dariya ya ce aikin hannunsa ne. Wai shekarar da Habu, autanmu, ya fara koyon mota, haƙoran suka soma zamewa, kayan gyara kuma ba a samu ba, dole a like shi wuri ɗaya. Shi ya so ya like a sama, tunda kai dogo ne. Kai kuwa ka ce, “Sauke wa auta, hannunsa bai kai ba.”

Baba, a tsaye nake amma sai da na nemi benci.

Ka tuna inda nake zama in za mu kasuwar Kafur? A baya, kan buhuna, rana na gasa ni, ni ne mai riƙe igiya. Habu na gaba, an sa masa matashi a ƙarƙashi, hannunka bisa nasa. Ranar da na yi ƙarfin hali na ce ni ma a koya mini, ko kallona ba ka yi ba, ka ce, “Mota ba garma ba ce.” A tashar Malumfashi na koyi tuƙi, a hannun mutanen da ba su san gidanmu ba.

Inna ta ce kunyar ɗan fari ce, haka kowane uba yake. Na sani. Har na yi gemu na tara iyali “wannan yaron” kake ce mini, ni ma ga shi ban iya kiran sunan babban ɗana a cikin mutane. To amma sanin al'ada bai taɓa hana zuciya zafi ba. Kishin Habu nake yi, Baba, da furfurata da komai, ban kuma ji kunyar faɗa maka ba.

Malam Iro ya kankare waldar, ya sa wasu haƙoran na Beljiyam, wato na gwanjo, da sabon sifirin. Ya ja ɗan hannun, sitiyari ya ɗaga sama sumul. Na shiga na zauna, ƙafafuna suka miƙe a karon farko. A nan ne abin ya fi ci mini rai, don tsawona naka ne. Ashe duk shekarun nan a naɗe kake tuƙi, daga Bakori zuwa Danja, rami bayan rami, don kada auta ya wahala.

Ciwon gwiwar nan da muka ɗora wa tsufa, wa ke shafa maka man zafi in ka dawo kasuwa da la'asar? Ni. Habu na filin ƙwallo. Sai ka miƙo mini ƙafa, fuskarka na kallon bango. Ashe ciwon da ka ɗauko saboda shi nake jinya.

Sai dai ban taɓa ganin ka miƙa wa wani ƙafar nan ba, ko Inna. Wani lokaci barci ya kan ɗauke ka hannuna na kanta, in kasa tashi don kada ka farka. Ko wannan ne nawa rabon, Baba? Ba ka nan balle in tambaya, da kana nan ɗin ma bakina ba zai iya ba.

Jiya Habu ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni. Tumatirinsa na Danja ya nuna gaba ɗaya, bai samu mota ba, in ya ƙara kwana biyu ruɓewa zai yi. Yana neman aron motar. Na ce masa sai na yi shawara, ya fita kansa a ƙasa. Shawarar ke nan nake yi da kai, kuma na san abin da za ka ce.

Zan aika masa da makulli da safe, ɗan'uwana ne, shi bai yi mini laifin komai ba. Amma a can sama zan bar sitiyarin. Ya girma, hannunsa ya kai, ya sauke da kansa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi ka miƙe ƙafa yadda kake so. Ni kuma ya yaye mini abin da ke cin zuciyata kafin mu haɗu.

Naka har abada,
Lawal