Anka Biyu a Tafin Hannun Baba

Norfolk, 21 ga Agusta

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Baba yana lafiya. Ya ƙafar, ya mutanen Bowie? Na san Baba ba ya buɗe saƙon waya sai an tuna masa, shi ya sa na ɗauki biro.

Albishir nake tafe da shi: sunana ya fito, an ba ni Cif. Shekara goma sha huɗu ke nan ina sojan ruwa, kuma a wurinmu wannan muƙami ba ƙarami ba ne. Za a canza mini kaki, in koma cin abinci a ɗakin manya, wanda a bakin 'yan jirgi sunansa garken awaki. Wai a jiragen zamanin da, a nan ake ɗaure akuyar madara. Baba ya yi dariyarsa, na yafe, dama ya saba yi mini tsiya in na kira gado rak, ko na ce dek maimakon ƙasa.

Ga roƙona. Ranar 15 ga Satumba za a yi bikin a kan jirginmu. Ana fito da mu ɗaya bayan ɗaya, wuyan riga ba komai, sai a kira wanda mutum ya zaɓa ya zo ya maƙala masa anka biyu, wato 'yan ƙananan surar ƙugiyar da ke tsai da jirgi. Wasu matansu ke maƙala musu, wasu 'ya'yansu. Ni ban yi aure ba, Umma kuma Allah ya yi mata rasuwa, amma ko da ba haka ba Baba zan zaɓa. Na riga na ba da sunan Baba.

A gaida Goggo Tayyiba.

Ɗanka,
Mudassir

Bowie, 19 ga Satumba

Ƙanwata Tayyiba,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Daga nan zuwa Annandale ba nisa, amma sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Abin da na yi bakina ba zai iya faɗa ba.

Na je bikin ɗanki. Alhaji Nasir na masallacinmu ne ya raka ni, saboda ƙafata ba ta son dogon tuƙi. Muna hawa jirgin wani baƙar fata mai furfura, Gregory, wanda ya horar da yaron, ya tarbe mu, ya damƙa mini ankokin nan biyu a hannu. Na gani da idona: mace ta fito ta maƙala wa mijinta ta rungume shi, wani tsoho ya maƙala wa 'yarsa yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Sai aka fito da yaron. Aka faɗi sunansa a lasifika, aka ce mahaifinsa, Injiniya Ɗanliti, shi zai maƙala masa.

Tayyiba, ban tashi ba. Ɗan fari ne fa. Kin san gidan da muka fito. Ranar aurena mahaifinmu Malam ɗaki ya shige ya rufe ƙofa, Baffa ne ya tsaya mini. Ga Alhaji Nasir a gefena yana kallo. Ni in miƙe a gaban dattijo in je ina gyara wa ɗan fari wuyan riga? Sai na zungure shi na ce, "Alhaji, tashi ka saka masa." Ya ce, "Haba Injiniya, kai fa aka kira." Na ce ai ɗanka ne. Muna ta wannan ja-in-ja, aka sake kira. Mutum ɗari uku sun zuba mana ido, yaron kuma yana tsaye ƙyam, idonsa a kaina. Daga ƙarshe Gregory ya tako har inda nake ya miƙo hannu, na zuba masa ankokin, sun jiƙe da gumi. Shi ya maƙala. Aka buga ƙararrawa, aka busa usur, yaron ya wuce yana sarawa, bai sake duban wajena ba.

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Wajen cin abinci Gregory ya ce mini lallai ina alfahari da wannan yaro. Sai na mayar masa da Turanci abin da kowane uba zai ce a Gusau: "Ai yaro ne, bai san komai ba, ku dai ci gaba da haƙuri da shi." Ashe yaron yana bayana da faranti, ya kawo mini abinci. Ya ajiye, ya ce a sauka lafiya.

Shekara talatin ina ƙasar nan ina zana musu gadoji, amma wannan 'yar tazarar ta taku goma ta gagare ni. Kwana huɗu bai kira ba, kuma wata mai zuwa jirginsu zai tafi na wata bakwai. Kunya ce ta zaunar da ni ranar, yau kuma wata kunyar ta hana ni fita ko masallaci. Ki ba shi haƙuri a madadina.

Yayanki,
Ɗanliti

Annandale, 23 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jiki? Na karanta, na yi kuka, sannan na ji haushi.

Ba zan ba shi haƙuri a madadinka ba. Aike ne ya jawo wannan, ka aiki Alhaji Nasir, yanzu kuma ni za ka aika? Mudassir ya kira ni. Ya ce a jirgi akwai kalmar da suke kiran tsegumi da ita, sikatilbot, sunan randar ruwan da ma'aikatan jirgi ke taruwa a bakinta a zamanin da, kamar dai mata a bakin rijiya. To sikatilbot ɗin jirginsu yanzu shi ne uban sabon Cif ya tsine masa. Har wani ƙaramin soja ya zo yana yi masa jaje, wai shi ma ba ya shiri da ubansa. Da waɗannan yaran zai zauna wata bakwai yana ba su umarni.

Ya san al'adar, Yaya, ba a nan aka haife shi ba. Cewa ya yi, "Goggo, na ɗauka sau ɗaya a duniya zai karya ta saboda ni." Kuma ka manta wani abu: Malam da ya shige ɗaki, duk garin sun san me rufe ƙofar yake nufi. A kan jirgin nan wa ya sani? Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ka rubuta masa da hannunka.

Ƙanwarka,
Tayyiba

Bowie, 27 ga Satumba

Magaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki? A bayan ambulan na rubuta sunanka na yanka, tunda gidan waya bai san Magaji ba.

Na yi maka laifi, kuma babba. Ka zaɓe ni a gaban mutanenka, na bar ka a tsaye. Ba ƙi ba ne, ba raini ba ne. Tsoron idon mutum ɗaya na ji, na kunyata ka a idon ɗari uku. Abin da na faɗa wa Gregory kuma ƙarya ne. Takardarka ta albishir tana aljihun rigata tun ranar da ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninki. Ina alfahari da kai. Ban taɓa faɗa ba, ubana bai taɓa faɗa mini ba, ban ma san ko na rubuta shi daidai ba.

An ce mini wannan bikin sau ɗaya ake yi wa mutum, don haka ba ni da abin da zan gyara da shi. Da na sani ƙeya ce. Ina roƙon dai kada ka shiga teku da fushina a ranka. In akwai abin da tsoho zai iya yi, ka faɗa.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka

Norfolk, 3 ga Oktoba

Baba,

Wa'alaikumus salam. Takarda ta iso, na gode.

Litinin da ƙarfe tara na safe za mu tashi. In jirgi zai bar tasha, al'adarmu ce mu jeru a gefensa cikin kayan fareti, hannu a baya, ido a gaba. Ba a magana, ba a murmushi, ba a ɗaga hannu, ko wa mutum ya hango. Zan tsaya a gefen da ke kallon tasha, kusa da bindigar gaba. In Baba ya zo zan gan shi, amma ba zan nuna na gan shi ba. Baba ya fi kowa sanin yadda wannan yake.

Dokar ba ta hau kan masu rakiya ba. Duk hannun da za a ɗaga ranar, daga ƙasa zai fito.

Ɗanka,
Mudassir