Ƙwayar Tsigi ta Biyu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya maigidan, ya ciwon bayan nan naki? Mu ƙalau muke, in ban da 'yarki Tsigi, kuma kada ki tayar da hankalinki kafin ki gama karantawa.

Kin san yadda kika bar ta wurin Inna: ciki tulu, ido fari fat, ta ɗan yi gudu sai haki. Na kai ta asibiti, suka ce tsutsar ciki ce ke shanye mata jini. Ƙwaya biyu suka bayar, ɗaya a take, ɗaya daga baya. Ta sha ta farko. Ba a jima ba sai ga ƙaiƙayi, ƙirjinta na fito kamar butar shayi. Inna ta ƙulle ƙwaya ta biyu a bakin zani, ta rantse ba mai ba jikarta. Wai lokacin da tsutsar ke ciki ko atishawa yarinyar ba ta yi.

Na duƙufa karatu a waya, har ogana ya tambaya ko facin taya na zo yi ko likitanci. Abin da ya ƙona min rai, Inna ba ƙarya ta yi ba. Tsutsar nan munafuka ce. Tana fitar da wasu sinadaran furotin da ke lallashin garkuwar jiki, su sa masu gadin jiki barci don kada a kore ta. Masu gadin kuwa in sun kwanta, ba sa taɓa ta, ba sa kuma yi wa gashin kyanwa ko ƙurar katifa hargowa. Yanzu an fara korar mai lallashin, sun farka a fusace. To amma wace irin lafiya ce wannan, yarinya shiru tana ƙarewa?

Na yi wa Inna bayani, sai dai da bakin nan nawa. Na ce ta fi ƙaunar tsutsa a kan jikarta. Tun ranar ba ta dube ni ba. Ki kira ta, don Allah. In ba a sha ta biyun ba, an koma gidan jiya.

Ƙaninki,
Sarkin Tsiwa

Yaya,

Da fatan kin wuni lafiya. Saƙonki ya iso, har da zagin, na kuma karɓa.

Ban san haka ƙirjin Baba ya riƙa yi kafin ya rasu ba. Ina goye lokacin, ba wanda ya taɓa gaya min. Ashe ni ina ta surutun furotin, ita muryar mijinta take ji a ƙirjin yarinya.

Na koma wurin nas. Ta ce asma ce, wataƙila tana jikin Tsigi tun asali, ba mai tabbatar min tsutsa ce ta danne ta, amma tana da magani, tsutsa kuwa dole ta fita. Ta ba ni abin shaƙa. Na durƙusa a ƙofar kicin, na gwada wa Inna yadda ake girgiza shi, ake matsawa. Tsigi ta shaƙa a gabanta, fiton ya lafa. Inna ta daɗe tana sauraro, kunnenta a bayan yarinyar. Sannan ta kwance bakin zani, ta ba ta ƙwayar da hannunta.

Har yanzu ba ta yi min magana kai tsaye. Ta dai aiko Tsigi ta ce in na sake komawa asibiti, in tambayo ko akwai na tsiwar baki.

Ki gaida maigidan.

Ƙaninki,
Sarkin Tsiwa