Za Ta Ji

Yaya Ladi,

Ina gaisuwa. Yaya yara, yaya kuma ƙafar Baba? Ni lafiya lau, koyarwa sai godiya, barci ne dai ba ya samuwa.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya. Wata huɗu ke nan da rasuwar Mama, amma ban gaya wa kowa a nan Gwandu ba. Kunya nake ji a san ban je jana'iza ba, alhali tsoron ganinta kwance ne kawai ya hana ni.

Jiya Inna Hafiza, mai gidan da nake haya, ta ce, "Malam Tanko, in ka je gida bikin Ista ka gaishe mini da Mama." Na ce, "Za ta ji." Na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Ranar Lahadi a cocin da nake zuwa can Kalgo, Fasto ya ce waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji za su ji ran da ya kira su. Da wannan nake lallashin kaina.

Zan iso ran Asabar. Don Allah ki raka ni kabarin. Akwai gaisuwar da zan isar.

Ƙaninki,
Tanko